Taushin Baki a Titunan Ikko

Mama Mai Tumatir, Mile 12:
Salama gare ku. Ayar Karin Magana 15:1 ta Littafi Mai Tsarki ta kwana a raina, ga abin da ya fito.

Da sunan Mai Sama zan fara,
'Ya'yana na Ikko, ku saurara:
Amsa mai taushi fushi take kora,
Mai kaushi kuwa rigima take ƙara.
Mai saye ya taya kwandona da raini,
Ya haɗa da gatse don ya tsokane ni,
Na ce masa "albarka", fuska a sake,
Ya zaga, ya dawo, ya biya ni.

Mai Keke, Agege:
Mama, ina gaisuwa, ina da magana,
A kan titi nake yini cikin rana.
'Yan tasha su tare ni tun da asuba,
Kuɗin tikiti na nan, na can ma a karɓa.
Direban bas ɗin danfo ya goge ni a Pen Cinema,
Ya leƙo ta taga, ya zage ni har uwa.
In na yi shiru, su ce sun sami wawa,
Gobe su ninka abin da nake bayarwa.
Ku gaya mini tsakani da Allah,
Haƙurin nan ba tsoro ne aka sake wa suna ba?

Baba Dattijo, Idi-Araba:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya,
Buɗe 1 Sama'ila 25 ka duba.
Attajiri Nabal ya wulakanta manzannin Dauda,
Dauda ya fusata, ya yi ɗamara,
Mutum 400 da takuba na biye a baya,
Ya rantse ba namijin gidan Nabal da zai ga safiya.
Abigel matar Nabal ba ta ɓuya a ɗaki ba,
Ta ɗora gurasa 200 bisa jakuna,
Ta tare shi a hanya, ta durƙusa,
Ta faɗa masa gaskiya, ba ta rage ba:
Kada ka zub da jini don ramuwa,
Ran da ka hau sarauta ya ci ka a zuciya.
Dauda ya yabi Allah, ya sa mata albarka,
Ya juya da mutanensa, ya fasa.
Wace matsoraciya ce za ta iya haka?
Ta yi magana, ɗana, zagi ne ba ta yi ba.

Mama Mai Tumatir:
Baba ya gama, amma bari in ƙara,
Maris na 2016 ina nan kasuwa.
Daga saɓani da ɗan acaba a hanya,
Aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya,
Gwamnati ta zo ta rufe mana kasuwa,
Kayan gwari na ruɓewa muna kuka.
Yakubu a wasiƙarsa ya kira harshe wuta,
Ni na ga hayaƙinta da idona.

Mai Keke:
Na ji, Mama. Baba, na karɓa.
Yakubu 1:19 zan riƙe a kan hanya:
Saurin ji, jinkirin fushi da na magana.
Amma kuɗin nan ba zan yi shiru a kansa ba.
Zan tara 'yan'uwa masu keke gaba ɗaya,
Kirista da Musulmi, duk cuta ɗaya muke sha,
Mu je wurin shugaban tasha da ladabi,
Mu ce a tsayar da kuɗi ɗaya a rana.
Baba, za ka raka mu? Jinina na saurin hawa.

Baba Dattijo:
Alhamis da hantsi ina nan zuwa,
Kowa ya zo da tikitinsa don shaida.
Ni zan yi gaisuwa, in gabatar da ku,
Kai za ka yi bayani, ɗana, a natse.