Me za mu kira vigiles na birnin Rum da Hausa?

Masu rubutu kan tarihin Rumawa sukan fassara kalmar Latin vigiles da 'yan sanda, kuma ina ganin wannan fassara tana ɓatar da mai karatu. Ma'anar kalmar ita ce masu kwana a farke. Sarki Ogustus ne ya kafa rundunar a shekara ta 6 miladiyya bayan gobara ta addabi birnin, ya kasa ta bataliya 7, kowace tana kula da biyu daga cikin unguwanni 14 na Rum. 'Yantattun bayi aka ɗiba, kuma da harajin cinikin bayi ake biyansu.

Aikinsu na farko kashe wuta ne. Suna zaga lunguna da dare ɗauke da bokitai da gatura da ƙugiyoyin rushe gini, har jama'a suka yi musu laƙabi da bokitansu na igiya da aka shafe da kwalta. Shugabansu yana da ikon sa a yi wa maigida bulala idan ya yi sakaci da wuta, kuma ana gargaɗin mazauna benaye su ajiye ruwa a ɗakunansu. A cikin wannan zagaye ne suke cafke ɓarayi da masu fasa gida da bayin da suka gudu.

Saboda haka 'yan kwana-kwana ya kama rabin aikin ne kawai. 'Yan sintiri ya fi kusa, sai dai a kunnen Bahaushe yana nufin 'yan sa-kai na unguwa, alhali waɗannan ma'aikatan hukuma ne masu bariki da hafsoshi. Dogarai kuwa ya fi dacewa da masu tsaron sarki. Shi ma 'yan doka gara a bar wa wata runduna ta daban a Rum, wadda ke ƙarƙashin hakimin birni, domin ita ce ke kwantar da tarzoma.

Shawarata ita ce a ce dakarun sintirin dare. Dakaru ya nuna tsarinsu irin na soja, sintirin dare kuma ya haɗa neman wuta da neman ɓarawo, tunda tafiya ɗaya ce take biyan buƙatun biyu. Inda aka fara ambatonsu a rubutu, sai a ƙara da cewa su ne kuma masu kashe gobarar birnin.