Motata ba rediyo: zan iya jona MP3 da amfilifaya kai tsaye?

Mai Tsohuwar Mota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wutar mota.

Rediyon motata ya mutu tun tuni, na cire shi, ramin ma yanzu nan nake cusa tabarau da takardu. Ba ni da niyyar sayen wani, don ba tasha nake kamawa ba, faifan CD kuwa na manta rabona da shi. Duk abin da nake saurara yana cikin wata 'yar MP3 mai ramin iyafis. Wani abokina ya ba ni amfilifaya mai hanya huɗu, an rubuta wat 50 kowace hanya a kan om 4, sifikoki huɗu kuma suna nan lafiya lau a ƙofofi.

Na jawo wayar wuta daga batir, na ɗaure wayar at, wato ta negetif, a jikin mota, na samo kebul ɗin nan mai kan iyafis a gefe guda, da kawuna biyu ja da fari a ɗaya gefen. Na jona komai, ko fitilarta ba ta kawo ba. Akwai wani ɗan kusa tsakanin na wuta da na at, an rubuta REM a kansa, shi kaɗai na bari wayam. Amfilifayar ce ta lalace, ko dai abin ba ya yiwuwa sai da rediyo?

Rewaya:

Wa alaikumus salam. Malam, amfilifayarka lafiyarta ƙalau, barci take yi. Wannan kusan na REM shi ne makunninta. A tsarin da aka saba, idan ka kunna rediyo yana turo wuta bolt 12 ta wata siririyar waya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, ita ke ce wa amfilifaya ta tashi. Ba rediyo, ba mai tashin ta.

Don gwaji kawai, ɗauki guntuwar waya ka haɗa kusan wuta da na REM. Fitila za ta kawo. Amma kada ka bar shi haka, domin za ta kwana a kunne ko ka zare makulli, da safe ka tarar batir ya yi sanyi.

Abin da ya dace shi ne ka nemo wayar da ba ta kawo wuta sai an murza makulli zuwa ACC. Ba sai ka je da nisa ba, tana nan cikin soket ɗin tsohon rediyonka. Kada ka dogara da launi, kowane kamfani da nasa. Sa mita ko fitilar gwaji: wadda ta kawo da makulli, ta ɗauke da ka kashe, ita ce. Ka jawo daga nan zuwa REM, ka sa ɗan fiyus na amfa 1 a hanya, sannan ka ƙara makunni na hannu a kusa da kai. Makunnin nan zai yi maka rana. Bayan gwajin, kafin ka fara haɗa wayoyin, cire kan batir na negetif.

Mai Kunnen Kiɗa:

Duk abin da Oga Rewaya ya faɗa haka yake, sai dai ni inda na fi jin tsoro ba wajen kunnawa ba ne, wajen ƙara ne.

Ɗan'uwa, ka sani daga ranar da ka yi wannan haɗin, 'yar MP3 ɗinka ita ce ke riƙe da linzamin sauti gaba ɗaya. Babu wani abin murzawa a gabanka. In ka yi amfani da ita da iyafis ka ƙure murya ka manta, ka shigo ka jona, abin da zai fito zai iya yaga sifika, kai ma sai ka firgita a kan sitiyari. Haka kuma in ka zare ko ka soka kan kebul ɗin alhali amfilifaya na kunne, za ka ji wani "ɓum" mai ƙarfi, sifika ba ta son sa ko kaɗan. Saboda haka ka kiyaye tsari: jona MP3, kunna ta, sannan ka danna makunnin amfilifaya. Wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko.

Sai maganar ɗan abin murzawar da aka rubuta GAIN. Mutane da yawa suna ɗaukarsa abin ƙara murya, su ƙure shi. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da ke shigo mata. Rediyon mota mai kyau yana fitar da bolt 2 zuwa 4 ta kawunan ja da fari. Ramin iyafis na yawancin ƙananan na'urori kuwa da ƙyar yake kai bolt 1. Ke nan dole ka buɗe GAIN fiye da yadda mai rediyo zai buɗe, kuma gwargwadon buɗewar, gwargwadon yadda za ta ɗaga duk wata ƙazantar sauti da ke cikin layin.

Ga yadda nake saita shi. Na mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya, na kashe duk wani ƙarin bes da ke cikin MP3, na kai muryarta wajen kashi uku cikin huɗu, na sa waƙar da kunnena ya haddace. Sai in riƙa murzawa a hankali har in ji murya ta fara tsagewa, in ja baya kaɗan, in bar shi nan. In kana da mita ma ya fi: cire wayoyin sifika, sa sautin gwaji na haz 1,000, ka auna wutar AC a bakin fita. Wat 50 a kan om 4 yana kamawa bolt 14 da ɗan ɗoriya. Da ka kai nan ka tsaya.

Kuma tunda sifikokin ƙofa ne kawai ba wufa, wato babbar sifikar bes, juya makunnin tacewa na jikin amfilifaya zuwa HPF, mai tare bes mai zurfi, ka ajiye shi wajen haz 80. Bes mai zurfi ba abincinsu ba ne.

Mai Tsohuwar Mota:

Allah ya saka da alheri, ta tashi! Na bi ta ACC da makunni kamar yadda aka ce. Amma ga sababbin matsaloli biyu. Sifikokin gaba kaɗai ke magana, na baya shiru. Na biyu kuma, in na sa MP3 a caji ta ramin laita, sai wani siririn kuka kamar na sauro ya shigo, in na taka totur ya hau, in na saki ya sauka. Da na zare caja sai ya ɓace ɓat.

Mai Kunnen Kiɗa:

Na baya shiru ne saboda kawuna biyu kawai ka ba ta, ita kuwa ramuka huɗu gare ta. Duba jikinta ko akwai makunni mai 2CH da 4CH, wato hanya biyu da hanya huɗu, in akwai mayar da shi 2CH, za ta raba da kanta. In babu, nemi kebul mai rassa guda biyu, ɗaya ya raba ja, ɗaya ya raba fari. Tunda ba ka da abin karkata sauti gaba da baya, da GAIN na kowane ɓangare za ka daidaita. Ni nakan rage na baya, na fi son mawaƙi ya zo mini ta gaba.

Kukan nan na altaneta ne. Da ka sa caja, MP3 ta samu at ta hanyoyi biyu, ɗaya ta laita, ɗaya ta kebul ɗin sauti, ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi kake ji. Akwai ɗan akwati mai taransifoma a ciki da ake sakawa a kan layin sautin ya yanke wannan zagayen.

Rewaya:

Kada ka yi saurin sayen akwatin nan, marasa kyau a cikinsu suna cinye bes, sauti ya koma fayau. Fara da duba at ɗinka. Ina ka ɗaure shi? In a kan fenti ne ko wani ƙaramin kusa na roba-roba, kwance, ka kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure tamau. Wayar ta zama gajera, kaurinta ɗaya da na wayar wuta. Sannan kada kebul ɗin sauti ya kwanta gefe ɗaya da wayar batir, wannan ta bi dama, wancan ya bi hagu. Canza cajar ma ka gani, wasu cajojin su ne masu kukan. In duk ya ƙi, sai akwatin, ko ka yi cajin ta da fawa bank, tunda shi ba ruwansa da jikin mota.

Wani abu da ban ji ka ambata ba: akwai fiyus a kan babbar wayar da ta taso daga batir? Wanda ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa. In wayar ta goge a jikin ƙarfe inda ta ratsa zuwa cikin mota, babu abin da zai tsayar da wutar, gobara ce. Sa shi kusa da kan batir, kada ya wuce santimita 45, kuma ramin da wayar ta bi a sa masa zoben roba. Faɗa mini kaurin wayar da ka ja da lambar fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar, in gaya maka wanda za ka sa.