Tambaya kan kalmar "guest" a takardar gayyata

Jama'a, a taimaka da wannan. A Turanci "guest" wanda aka gayyato ne, "visitor" mai ziyara ko ba gayyata, "stranger" kuwa wanda ba a sani ba. Mu duk baƙo muke cewa.

Matsalar tana wajen fassara jadawalin taro. "Guest speaker" baƙo mai jawabi ne, wannan ya zauna. Amma "guest of honour" da "special guest of honour" fa? In aka ce babban baƙo da babban baƙo na musamman, wa ke gaba wajen zama da jawabi? Kuskure nan yana ɓata ran manya.

Sannan mai kwana a otal da kuɗinsa, ba wanda ya gayyace shi, me ya sa shi ma "guest" ne? Malamai, a warware mana.