Muhawara: Guba aka shayar da yaran Flint, ko zuzuta maganar aka yi?

Malam Mai Alli: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a ɗakin malamai mun sha ja-in-ja kan ruwan birnin Flint na jihar Mishigan a Amurka, na ce bari in kawo maganar gabanku. A Afrilun 2014 hukuma ta daina sayen ruwa daga birnin Detroit, ta koma jan na kogin Flint don tsimin kuɗi. Ruwan ya ci bututu, dalma ta shiga gidaje da makarantu. Wannan ban musa ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce an shayar da yara guba. Wani likita da ke aiki a asibitin Hurley na garin, Hernán Gómez, shi da abokan aikinsa sun bi sakamakon gwajin jinin yaran Flint daga 2006 zuwa 2016. A 2006, yara 11.8 cikin ɗari ne dalmar jininsu ta kai ma'auni 5, layin da ake cewa ta yi yawa, ko ta haura. A 2015, ana tsakiyar rikicin, 3.7 ne cikin ɗari. Ke nan yayyen yaran nan, waɗanda suka tashi da ruwan Detroit, sun fi su matsalar har ninki uku, kuma ba wanda ya buga musu ganga. A 2018 shi da Kim Dietrich suka rubuta a jaridar New York Times cewa kalmar guba ba ta dace da yaran Flint ba. Ni dai ina tare da su.

Ɗan Anka: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Mu da muka ga 2010 a Zamfara mun san abin da ake kira gubar dalma. Dareta, Abare, 'Yargalma, daga baya Bagega. Yara sama da 400 aka binne. Ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar na sauka a kan tuwo da hannun yaro. Na'urar da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da ita iyakarta 65, yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. Sai yaro ya kai 45 ake fara ba shi maganin da ke janye dalma daga jini. To yaron da ke da 5 ko 6 a ce masa mai guba? Haba.

Hajiya Nas: Allah ya jiƙan yaran Zamfara, ya ba iyayensu haƙuri. Amma ƙanena, don wani ya karye a ƙafa ba za a ce wa mai targaɗe lafiyarsa ƙalau ba. Shi ma'aunin nan, maikrogiram ne a kowace desilita ta jini, kuma 5 ɗin ba iyakar lafiya ba ce. Layi ne aka ja don a gane yaran da suka fi sa'o'insu dalma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ma ta sauko da shi zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. 45 layin fara magani ne, farfaɗiya da mutuwa galibi sai an haura shi sosai. Ƙasa da shi akwai ɓarnar da ba ta kwantar da yaro a asibiti: raguwar kaifin ƙwaƙwalwa, rashin natsuwa, wahalar karatu. Kai Malam ai ka fi ni sanin wannan yaron, shi ne wanda ake zane wa a aji ana ce masa daƙiƙi.

Malam Mai Alli: Hajiya, ban ce dalma abinci ce ba. Na ce a auna magana da ma'aunin da ya dace da ita.

Hajiya Nas: To mu auna. Dakta Mona Hanna-Attisha, ita ma a asibitin Hurley ɗin take, likitar yara. A Satumban 2015 ta fito ta faɗa wa duniya abin da ta gani a bayanan asibiti, jami'an jiha suka yi mata ca, suka ce tana tayar wa mutane da hankali. Ba a yi sati biyu ba suka dawo suka yarda. Alƙaluman da ta wallafa daga baya: yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu yawan dalma sun tashi daga 2.4 zuwa 4.9 cikin ɗari bayan sauya ruwan. A unguwannin da abin ya fi muni, daga 4 zuwa 10.6. Jadawalin Gómez ɗinka ma bai ɓoye tashin ba. Shekara da shekaru abin yana sauka saboda an daina sa dalma a fetur da fenti, sai ga shi ya juya sama daidai lokacin da aka sauya ruwa.

Sannan ga abin da alƙaluman duka biyu ba sa nunawa. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin kusan wata guda rabinta ya fita, saura ya tafi ƙashi ya zauna shekaru. Yaron da ya sha a Yuli aka gwada shi a Disamba, me za a gani? Kuma gwajin da aka saba yi ana yin sa ne a shekara ɗaya da shekara biyu. Jaririn da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan famfo, wanda ya fi kowa shan ruwan idan aka dubi nauyinsa, galibi ba a kai ga gwada shi ba. 'Yan firamare kuwa sun wuce shekarun gwajin.

Injiniya: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren bututu, don nan ne na fi jin haushi. Kogin Flint ba dalma ce a cikinsa ba. Ruwansa dai yana da gishirin kuloraid da yawa, mai cin ƙarfe. Tsohon bututun dalma yana da wani ɓawo da ya yi a cikinsa tsawon shekaru, shi ke raba ruwa da ƙarfen. Detroit tana zuba sinadarin fosfet don ɓawon ya zauna. Da Flint ta karɓi tace ruwan da kanta, ba a zuba ba. An yi ta ruwaito cewa kuɗinsa bai fi wajen dala 100 a rana ba. Ɓawo ya ɓare, dalma ta fito.

Ku ji wannan kuma. A Oktoban 2014 kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antar injinsa da ke garin, saboda yana sa wa kayan inji tsatsa. Aka ba shi dama ya koma wani ruwan. Mutanen gari da 'yan makaranta suka ci gaba da sha har 16 ga Oktoban 2015. Shekara guda cur. Malam, kira shi da duk sunan da ka so, amma an tausaya wa inji kafin a tausaya wa yaro.

Ɗan Anka: Wannan kam ban sani ba. Subhanallah.

Malam Mai Alli: Injiniya, sakaci ne, har ma zalunci, na yarda. Gwamnan Mishigan na lokacin, Rick Snyder, ne ya ɗora wa garin manajan gaggawa wanda ba jama'a suka zaɓa ba, kuma a ƙarƙashin wannan tsarin aka sauya ruwan. Amma ku fahimci inda na dosa, ni malamin aji ne. Idan aka shekara goma ana gaya wa yaro a talabijin cewa ƙwaƙwalwarsa ta lalace, zai yarda. Malaminsa ma zai yarda, ya daina matsa masa. Iyaye su sallama. Na ga yadda kalma ɗaya daga bakin babba take kashe wa yaro gwiwa har ya gama makaranta. An ruwaito cewa ɗaliban makarantun gwamnati na Flint masu buƙatar kulawa ta musamman sun tashi daga 15 zuwa 28 cikin ɗari. Nawa ne a ciki aikin dalma, nawa ne aikin tsoro da ƙarin bincike, nawa ne saboda masu hali sun kwashe 'ya'yansu sun bar na talakawa? Ba wanda zai iya raba muku wannan daki-daki.

Hajiya Nas: A nan kam ka faɗi gaskiya, kuma ita Dakta Mona ba ta taɓa cewa yaran sun tashi daga aiki ba. Abin da ta yi ta nema shi ne abinci mai gina jiki, makarantar rainon yara da bin diddigin lafiyarsu. Sai dai ka tambayi kanka, da an yi ta lallaɓa kalmomi, da Obama ya ayyana dokar ta-ɓaci a Janairun 2016? Da an kai ga sasantawar dala miliyan 626 da kotu ta amince da ita a 2021, wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na yara ne? Kuma kar a manta, a daidai wannan lokacin cutar huhu ta Lejiyonela ta kashe aƙalla mutum 12 a yankin.

Maman Ikram: Sannunku da muhawara. Ni ina zaune a Amurka da yara biyu a firamare, kuma abin da ke damuna ba sunan da za a kira abin ba ne. Wata rana 'yata ta dawo da takarda daga makaranta cewa an rufe famfunan sha guda biyu, an samu dalma fiye da ƙima. Ba Flint muke ba, ruwan garinmu lafiyarsa lau a inda ake tace shi. Na je na tambaya tun yaushe famfon yake haka, aka ce wannan ne karon farko da aka gwada. Yarinyar ta shekara uku tana sha daga nan.

Injiniya: Maman Ikram, abin da kika gani ba baƙo ba ne. Dokar tarayya ta dalma da tagulla ta 1991 kamfanonin ruwa ta ɗora wa nauyin gwaji, kuma a gidaje suke ɗiban samfur. Makarantar da ke jan ruwan gari ba a tilasta mata gwada famfunanta ba, sai in jiharta ta yi tata dokar. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya fitar da rahoto a 2018: gundumomin makarantu 43 cikin ɗari ne suka gwada ruwansu, kuma 37 cikin ɗari na waɗanda suka gwada sun samu dalma mai yawa. 41 ba su gwada ba. 16 ba su ma san ko an gwada ba.

Ginin makaranta kuwa ya fi gida haɗari. Sai a 1986 aka hana sa bututun dalma da liƙe bututu da ita, gine-gine da yawa sun girmi haka. Ruwa yana kwana a bututu, ya yi Asabar da Lahadi, ya yi dogon hutu yana jiƙa ƙarfe. Yaron da ya fara kafa baki a famfo ranar Litinin da safe shi ke kwasar kaso mafi tsoka. A Flint ɗin ma, da aka gwada a Oktoban 2015, dalmar ruwan makarantu uku ta haura kashi 15 cikin biliyan, wato layin da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ja a lokacin, firamaren Freeman ta kai 101. Birnin Newark ya rufe famfunan makarantu 30 a 2016. Detroit, garin da ake yabon ruwansa, shugaban makarantunta Nikolai Vitti ya rufe ruwan sha a dukkan makarantun gundumar a Agustan 2018, bayan 16 cikin 24 da aka gwada sun nuna yawan dalma ko tagulla.

Baffa: To 'ya'yana, ni tsoho ne, tambaya ɗaya gare ni. In an tafasa ruwan fa?

Injiniya: Ranka ya daɗe, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalma ƙarfe ce, ba ta mutuwa. Ruwa ya tafi a tururi, ita ta zauna, sai ma ta ƙara kauri a abin da ya rage. Abin takaici, a 2014 an umarci mutanen wasu unguwannin Flint su riƙa tafasa ruwa saboda ƙwayoyin cuta da aka gani a ciki. Kuma ba a gane ta da ido ko da harshe. Jan ruwan da kuka ga mutane na ɗagawa a gora, tsatsar ƙarfe ce. Ruwa na iya zama garau kamar hawaye yana ɗauke da dalma.

Malam Mai Alli: To ai maganata ta fito. A gwada kowane famfo, a faɗi lamba, a bar ihu.

Injiniya: A nan ma zan saɓa maka, Allah gafarta Malam. Gwaji kaɗai yaudara ne. Dalma takan fito ne a ɓarɓashi, yau famfo ya nuna 2, gobe ɗan gutsure ya ɓalle ya nuna 200. Kuma mai gwaji na iya samun lambar da yake so: a Flint an riƙa gaya wa mutane su saki famfo ya zuba tun da dare kafin su ɗebi samfur da safe, abin da ke rage lambar. Sai da Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech da ɗalibansa suka raba wa mazauna garin kwalabe suka yi nasu gwajin, sannan asiri ya tonu. Shi ya sa Mishigan ta sauya dabara. A Oktoban 2023 Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a dokar da ta ce makarantu da gidajen rainon yara su fara sa matatar dalma a wuraren shan ruwa, sannan a riƙa gwada abin da ya fito daga matatar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma cewa ta yi dalmar ruwan makaranta kar ta wuce kashi 1 cikin biliyan.

Maman Ikram: Ita matatar sai da mai canza ta fa. A makarantar su Ikram an sa, akwai 'yar fitila da ke yin ja in lokacin canji ya yi. Na taɓa ganin ta ja wata biyu. Tun daga nan da gorarsu suke tafiya.

Ɗan Anka: Ni har yanzu bakina ba zai iya kiran na Flint da sunan da muke kiran na Bagega ba, ku yi min uzuri. Amma Hajiya, tambaya nake da ita. Yaranmu da aka yi wa magani suka rayu, yanzu sun zama samari da 'yanmata. Wannan dalmar da kika ce tana tafiya ƙashi, tana nan ke nan?

Hajiya Nas: Wani kaso yana nan, ƙanena. Kuma ga mace, lokacin goyon ciki jiki yakan ciro sinadarin ƙashi don gina na jariri, dalmar ta biyo shi ta koma jini. In kana da ƙanne mata daga ƙauyukan nan da suka isa aure, su gaya wa ma'aikatan awo tarihinsu tun zuwan farko.

Ɗan Anka: Akwai biyu. Zan kira Inna da daddare in sha Allah.