Tauraron ɗan'adam yana ganin gonata, me ya hana ya gaya mini ranar shuka?

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tsohon malamin firamare ne, shekara shida ke nan da na ajiye alli na koma gona. Ina da kadada biyu da 'yan kai a bayan Rigachikun, masara da waken suya nake yi, sai ɗan rogo a gefe.

Bana ruwa ya yi mini wasa da hankali. Ƙarshen Afrilu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har sau biyu cikin mako guda, ga shamuwa ta iso, ƙasa ta yi laushi. Na ce to ai shi ke nan, damina ta kankama. Na ɗauki yara muka shuka masara. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke ɗif, kwana 19 ko yayyafi babu. Ina ji ina gani ganyen ya murɗe ya ƙone. Sai da na sake sayen iri, na sake biyan masu shuka. Mahaifina ya shekara fiye da hamsin yana noma, kuma da wuya ka ga ruwan farko ya yaudare shi haka.

Abin da ya sa na kawo maganar nan, ɗana da ke karatu a Zariya ya zo hutu, ya buɗe mini Google Earth a wayarsa, sai ga gonata. Ga ɗorawar da ke tsakiya, ga bukkar da muke fakewa, har hanyar da shanu suke bi. Ya ce wai da irin waɗannan taurarin ne duniya take yaƙi da sauyin yanayi. Ni kuwa na kasa gane yadda abin da ke can sama zai yi yaƙi da fari. In har yana ganin ɗorawata, me ya hana ya ce mini Malam dakata, kada ka shuka tukuna? Sannan na tuna zamanin Obasanjo mun ji a rediyo an ce Najeriya ta harba nata tauraron. Ina ya kwana? Masana ku taimaka, amma a yi mini da Hausar da zan gane.

Ɗan Safiyo:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya mayar da alheri. Aikin zana taswira nake yi a nan Kaduna, kusan kullum da hotunan nan nake kwana nake tashi, bari in faɗi abin da ya sawwaƙa.

Da farko, hoton da ƙanena ya nuna maka ba na ranar ba ne. Tsohon hoto ne da aka ajiye, wani ya yi watanni, wani ya shekara. Ka sa ya duba ƙasan allon, sau da yawa akwai kwanan watan da aka ɗauka.

Taurarin da suka shafi maganarka iri biyu ne. Akwai masu nisa, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, suna juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum suna kallon wuri guda. Irinsu ne Meteosat na Turai, wanda yake kallon Afirka yana aiko da hoton gajimare duk minti 10 zuwa 15. Ba ya ganin ɗigon ruwa, sanyin saman hadari yake aunawa. Hadarin da ya yi tsawo ƙwarai samansa yakan yi sanyi ƙwarai, irinsa ne yake zubar da ruwa mai yawa. A hoton za ka ga abin da tsofaffi suka daɗe da sani: laima daga teku take zuwa ta kudu, amma hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wanda ya haɗu a tsaunukan Jos da rana, sau da yawa shi ne yake isowa Kaduna da yamma ko cikin dare.

Sai masu kusa, tsakanin kilomita 700 da 800, su ne masu ganin gona. Landsat na Amurka tun 1972 yake ɗaukar hoto, kowane ɗayansu yana dawowa kan wuri guda bayan kwana 16, kuma tun 2008 kyauta ake ba da hotunansa. Sentinel-2 na Turai yana leƙo gonarka duk kwana 5, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10. Daga irin hasken da ganye yake mayarwa ake gane ko shuka tana cikin ƙoshi ko ta fara jin ƙishi, tun kafin ta yi rawaya.

Maganar yaƙi kuwa, Baba, gaskiyarka. Tauraro ba ya saukar da ruwa, ba ya dasa itace. Ma'auni ne, kuma shaida ne da ba ya mantuwa. Da shi aka san cewa tun 1993 ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 10. Hotunan sama ne suka nuna Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Da shi aka gano cewa kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda hazon hunturunmu yake tasowa, ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Kafin haka kowa da nasa labarin, wannan ya ce da ruwa yana kaiwa nan, wancan ya ce ƙarya ne.

Me ya hana ya ce maka dakata? Hasashen 'yan kwanaki, kamar uku zuwa biyar, yana da ƙarfi. Da ya wuce mako biyu sai ya zama kirdado. Abin da ya fi kusa da buƙatarka shi ne hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara. A ciki akwai lokacin da ake sa ran damina za ta zauna, da lokacin ɗaukewarta, da inda ake tsoron ruwa zai tsaya a tsakiya, har matakin ƙaramar hukuma. Ɗumin ruwan tekun Fasifik da na Atilantika yana cikin abubuwan da ake dubawa, shi ma taurari ne suke auna shi. Kuma lokacin da NiMet take bayarwa ba na ruwan farko ba ne, na zaman damina ne. A nan mutane da yawa suke zamewa.

Namu taurarin: NigeriaSat-1 aka harba a Satumban 2003 daga Rasha, a Ingila aka ƙera shi, ya yi aiki har 2012, har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka a Amurka a 2005. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da ke Abuja ce mai kula da su. Shekara bakwai aka ƙiyasta wa NigeriaSat-2, ka ga ya daɗe da wuce wa'adinsa. Ni dai a aikina na yau da kullum, hotunan kyauta na Turai da Amurka nake saukewa.

Maman Walida:

Sannu Baba, Allah ya sa a girbe lafiya. Ɗan Safiyo ka yi bayani mai kyau, amma ni raina ɓaci yake in ana irin wannan zance.

A bakin kogi muke, wajen Kigo Road. Ambaliyar Agustan 2003 ina amarya, ko wata huɗu ban yi ba, ruwa ya tafi da kayan ɗakina, kwalla da tasoshi muna kallo suna yawo a tsakar gida. Tun daga nan duk Agusta da Satumba ba ma barci da ido biyu a rufe. Kowace shekara ana sanarwa a rediyo cewa mazauna bakin kogi su tashi. Su tashi su je ina? Wa zai biya kuɗin haya? Mu ba sani muka rasa ba. Ni da kaina ina da sandar da na kafa a bayan gida, in ruwa ya kai wani tabo sai mu fara ɗora katifu a kan durowa.

Kuma in tauraron yana ganin ɗorawar Baba, ai yana ganin katangar da wani mai kuɗi ya gina a kan hanyar ruwa a bayan layinmu, wadda tun da aka yi ta ruwan ya juyo kanmu. Mun kai kuka inda ya kamata har sau uku, aka ce za a zo a duba. Yarinyar da nake goyo lokacin yanzu tana aji biyar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Alhaji Mai Hatsi:

Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da boko mai zurfi, amma ina shiga Maradi sayen wake da ridi shekara da shekaru. Abin da na gani can ya sa na yarda da maganar Ɗan Safiyo cewa abin shaida ne.

Manoman Maradi da Damagaram tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona. Sai su bar tohon da ya fi ƙarfi, su sassabe sauran, itacen ya tashi da kansa. Gawo suka fi bari, tunda shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa. Shekaru suna wannan aiki, manya a birni suna ta cewa hamada ta cinye ƙasar. Sai da masana suka ɗauko tsofaffin hotunan sama suka gwada da sababbi, aka ga abin ya kai wajen kadada miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200. Talaka ne ya yi aikin da gatarinsa, tauraro ya zo daga baya ya ƙirga.

Mu kuma da Allah ya ba mu daji, ku tsaya a hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari ku ƙirga motocin gawayi. Ban ga laifin mai dafa abinci da shi ba, kowa ya san kuɗin gas.

Abu Sumayya:

A dai yi hattara jama'a. Saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai, babu na'urar da ta san gaibu.

Ɗan Safiyo:

Haka yake Malam, babu mai ja. Amma in ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka ce wa iyali a kwashe shanya, ba gaibu ka sani ba, alama ka gani. Wannan ma haka ne, sai dai shi yana hango hadarin tun yana Borno.

Maman Walida, ba ni da abin da zan kare kaina da shi, maganarki dutse ce. Katangar nan tana cikin hoto, har shekarar da aka gina ta za a iya ganowa, domin Google Earth na kwamfuta yana da wurin da ake komawa tsofaffin hotuna. Akwai kuma Sentinel-1 mai aiki da rada, wato yana aiko da igiyar rediyo ƙasa ya auna wadda ta dawo, wanda gajimare da duhun dare ba sa tare shi, da shi ake zana iyakar inda ambaliya ta kai. Hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna ma duk shekara tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Duk da haka a 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Hoto ba ya rushe katanga, ba ya yashe magudana.

Inda yake da amfani shi ne wajen hana musu. Wutar iskar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai na Neja Delta, a da kamfani ne kaɗai zai faɗi yawan abin da ya ƙona. Yanzu tauraro yana ganin harshen wutar da dare ana lissafawa. In ku mutanen layinku kuna so, zan haɗa muku hoton wurin kafin katangar da bayanta, ku buga a takarda ku haɗa da kokenku. Ban ce zai sa a zo gobe ba, amma ya fi zuwa da baki kawai.

Baba, ga wata dabara da ba ta buƙatar data. Ka samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ka kafa shi a fili nesa da ɗorawar, duk safiyar da aka yi ruwa ka sa rula ka auna zurfinsa ka rubuta. Wannan zurfin shi ne milimitar da ake faɗa. Mu kanmu hasashen tauraro sai an gwada shi da ma'aunin ƙasa yake daidaituwa, kuma ma'aunan sun yi mana kaɗan.

Tsohon Malami:

Na gode ƙwarai, Allah ya yi muku albarka. Wato dai labarin yana nan, hanyar da zai bi ya iso Rigachikun ce babu. Shekara talatin da biyar ina koyar da yara, ban taɓa sanin akwai takardar da ke faɗin zaman damina na ƙaramar hukumar Igabi ba, kuma rabon da in ga malamin gona a wajenmu har na manta.

Na ce wa yaron da zarar ta baɗi ta fito ya buga mini shafin Kaduna, zan kai majalisarmu ta bayan la'asar in karanta wa sauran, don mu bakwai ne muka sake shuka bana. Gwangwani kuwa akwai na madara, rula ma ina da ragowar na makaranta.

Maman Walida, ki karɓi hoton nan 'yata, kada ki bari ya wuce. Alhaji, in ka sake shiga Maradi ka tambayo mini toho nawa suke bari a kututture guda, akwai wasu guda biyar a gefen rogona da na yi niyyar sa wa wuta.