Ɗinki na shigowa amma kuɗi ba ya zama, ga rashin barci: ta ina zan fara gyara?

Sabon Tela:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, na bar shagon ubangidana na buɗe nawa, keke biyu da yaro ɗaya. Aiki kam alhamdu lillahi, amma wata ya ƙare ban ga komai ba, kuɗin haya ma sai da rance. 'Yan'uwa su kawo ɗinki babu biya, wasu su karɓi kaya sai an yi albashi. Dare ya yi barci ya gagara, ga azumi ya ƙarato. Manya, a ba ni shawara.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, aljihunka da na shago sun zama ɗaya, ciwon ke nan. Cefane daga ciki, gudummawar biki daga ciki, zare ma daga ciki.

Fara da sanin nawa ɗinki ɗaya yake ci maka. A ce hayar shago naira 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. In kana ɗinka kaya 40 a wata, kowanne yana ɗauke da naira 500 ta haya tun ba ka sa almakashi ba. Ɗora zare, maɓalli, zif, gawayin guga, fetur ɗin janareta da sallamar yaro. Yawancin sababbin teloli farashin maƙwabci suke kwafa, alhali shi wataƙila shagon gadonsa ne. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda bai sa fetur a lissafi ba, shi yake biya wa kwastoma.

Sannan ka buɗe asusu daban na shago, ko Opay ne ko Moniepoint, duk kuɗin ɗinki can zai shiga. Ka yanka wa kanka albashi na mako, ka riƙa ɗauka rana ɗaya tak. A auna shi da watan da kasuwa ta yi sanyi, ba watan Sallah ba. Kason haya kuwa a cire shi duk mako, kada a jira mai shago ya yi sallama.

Hajiya Mai Anko:
Ƙanena, kunya ce take cinye maka jari. Kafin alƙalami rabin kuɗi, ciko ranar karɓa, kaya ba sa fita sai an cika. Rubuta wannan da manyan baƙi ka liƙa a bango, don ya zama dokar shago ce ta yi magana, ba bakinka ba. In an ce an tura, duba asusunka da idonka, hoton alat ba kuɗi ba ne.

Littafi ɗaya ya isa: suna, lamba, awo, yadi nawa aka kawo, nawa aka bayar, ranar alkawari. Yanki ɗan ƙyalle ka maƙala a shafin. Turmin atamfa yadi shida ne, amma ka auna a gaban mai shi, don rigimar "an rage mini yadi" daga nan take tashi. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara ma umarnin da ta yi ke nan.

Dangi kuma ba a korarsu. Ware ɗinki biyu a wata na zumunci, iyaye ne a gaba. Saura su biya kuɗin kayan aiki, kuma nasu sai bayan Sallah. Za a yi gunaguni na ɗan lokaci, a saba.

Tsohon Hannu:
Duk sun faɗi gaskiya, sai dai ban yarda rashin barcin na kuɗi ne kaɗai ba. Alkawarin da ya fi ƙarfin keke shi ke hana tela runtsawa.

Lissafa: in kai da yaronka kuna gama kaftani uku a rana, kwana 25 na azumi kaya 75 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗauke wuta, zazzaɓi da lalacewar keke, saura 60. Da littafi ya kai 60, rufe karɓa, ko da goma ga azumi ne. Kuɗin da za ka ƙi bai kai asarar kwastoman da ya yi Idi da tsohuwar riga ba. Wanda ya matsa, tura shi wurin ubangidanka. Kada ka yanke zuwa gaishe shi, mai zaman kansa yana buƙatar wanda zai faɗa wa damuwarsa ya gane.

Kafin a ga wata, a wanke kekuna a sa musu mai, a ajiye bel na ko-ta-kwana, allura lamba 14 da 16 kwali-kwali. Yanka kuma da safe ake yi, ido na garau. Shadda mai tsada da aka yanka ƙarfe biyun dare, kuskure ɗaya ya cinye ribar mako.

Bayan Sallah kasuwa za ta kwanta, haka take kowace shekara, ba wai an guje ka ba ne. Lokacin ne na neman ɗinkin yunifom a makarantu da ankon biki. Amma in rashin barci da faɗuwar gaba da ƙin abinci suka haura mako biyu, ko da aiki ya lafa, je ka ga likita, a haɗa da addu'a.

Sabon Tela:
Allah ya saka da alheri. To adashi fa, in shiga saboda haya?

Mai Lissafi:
Shiga, amma zubin kada ya wuce kason hayar nan na mako, naira 5,000 a misalinmu. Nemi kwasarka ta faɗo wata ɗaya kafin haya ta cika, kuma uwar adashin ta zama wadda 'yan layinku suka taɓa kwasa a hannunta.