Neman shawara: in nemi horon Majalisar Ɗinkin Duniya a Jeniba ko in riƙe aikina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ya kulle. Ina zaune a kudancin Italiya. Da na iso, a gonakin tumatir na yankin Foggia na fara, inda ake biyan mutum bisa yawan akwatin da ya cika, mai kai mu gona kuma sai ya cire kuɗin mota har da na ruwan sha. Mun kwana a ɗakunan kwano da leda, wuta ta taɓa cinye mana kaya. Daga nan ne ni da wasu muka fara raka 'yan'uwa asibiti muna musu tafinta, muna neman musu ɗakin haya, domin da yawan masu gida da zarar sun ga baƙar fata sai su ce an riga an kama. Yanzu na samu aiki mai kwantiragi a wani sito. To na ga ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da horo na makonni uku a Jeniba ta ƙasar Suwizalan ga 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare, suna biyan kuɗin jirgi da na abinci. Mai sito ya ce babu hutu. Inna kuma tana jiran kuɗin rufin ɗaki. Yaya zan yi?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam ƙanena. Nemi, kada ka tsaya wata-wata. Wannan ƙofa da gumi aka buɗe ta. A taron yaƙi da wariyar launin fata na Durban, Afirka ta Kudu, a 2001 ne duniya ta amince a rubuce cewa bauta da cinikin bayi laifi ne ga bil'adama. Daga nan aka ware shekarun 2015 zuwa 2024 domin zuriyar Afirka, a 2021 aka kafa musu zauren dindindin mai mambobi 10, a Disamban 2024 kuma aka ƙara wasu shekaru goma zuwa 2034. Mutanen Brazil da Karebiyan suna cika wuraren nan, mu ba a jin muryarmu, alhali Hausawa ne suka jagoranci boren bayi a Bahia ta Brazil a 1807 da 1814. Wa zai faɗi abin da ka gani a gonar tumatir in ba kai ba?

Maman Biyu: Malam, Allah ya ƙara sani, amma mu a Sfax ta Tunisiya a 2023 mai gida ya watso mana kaya titi cikin dare da goyo a bayana. Lokacin ana tsakiyar waɗannan shekaru goman da kake lissafi. Babu wanda ya zo. Tun 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya, me ya canja? Ɗana, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Riƙe aikinka.

Ɗan Zango: Kai ɗan'uwa, ba ka faɗa mana muhimmin abu ba. Takardar zamanka tana hannu ko kana jiran sabuntawa? Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai duk da tana cikin Shengen, wato yankin ƙasashen da suka buɗe wa juna iyaka, kuma da rasit na sabunta takarda kawai ba a tsallaka iyaka haka nan. In ka rasa kwantiragi, da me za ka sabunta? Ni haka aka riƙe ni wata da watanni ba na iya zuwa jana'izar mahaifina.

Mai tambaya: Allah ya jiƙan Baba. Maganar takarda ina kan ta. Amma Mama, ni ba yawon buɗe ido zan je ba. Yaran da ke kirana tsakar dare in raka su asibiti, ban san ko dokar da zan kafa hujja da ita ba in an wulaƙanta su.

Malamin Tarihi: Shi ke nan abin da za su koya maka. Italiya ta sa hannu a yarjejeniyar 1965 ta kawar da wariyar launin fata, kuma kwamitin da ke bin diddiginta a Jeniba yake zama, yana karɓar rahoto daga ƙungiyoyi irin taku. Aiki kuwa, Allah ne mai bayarwa.

Yayar Marayu: Malam, kai ne za ka yi wa Innarsa rufin? Damina ba ta jiran kowa. Ƙanena, ka kira ta ka gaya mata gaskiya tukuna. Sannan masu horon suna neman wasiƙa daga ƙungiya, taku tana da rajista?

Mai tambaya: Yaya, ba mu yi rajista ba, amma kowa a unguwa ya san aikinmu. Inna kuma in na gaya mata hankalinta ne zai tashi, hawan jini gare ta.

Ɗan Zango: To yaushe takardar taka za ta ƙare? Har yanzu ba ka amsa ba.